Taku Goma Sha Biyu

"Ga ƙofar nan," in ji Magini, ya ɗora yatsa a kan filan ginin da ya shimfiɗa a teburin ɗinkin matarsa. "Tsakar gida za ta kalla. Daga kicin ɗinki zuwa ɗakin Inna taku goma sha biyu ne cif, na auna."

Matar tasa, wadda kowa ke kira Tela, ta tsayar da keken ɗinki. Shekara uku da aurensu, auren so irin wanda ƙawaye ke zolayar ta a kansa. Da mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa Inna ta dawo hannunsu, wata biyar ke nan tana kwana a falo. Shi ya sa ya ƙudurta gina mata ɗan ɗaki da banɗaki a filin bayan gida.

Inna ba muguwa ba ce, sai dai ba ta iya ganin abu ta kawar da kai. Ta ɗanɗana miya ta ƙara gishiri, ta sake ninke kayan da aka ninke, kwastoma ta zo gwajin riga ta ce, "Anya hannun nan bai matse ba?" Tela ta cika ta yi fam.

Ta ɗauki allin da take zana yadi da shi, ta soke ƙofar, ta zana wata a bangon baya.

"Nan za ta kalla. Lungu."

"Haba Madam! Lungu fa? Sai ta zagaye gidaje huɗu kafin ta iso ƙofarmu. Kin san gwiwarta."

"Filis, Yallaɓai, ka bar ni in sha iska a gidana! In ƙofar nan ta kalli kicin ɗina, wallahi zaman zai gagare ni." Sai hawaye, shar!

Magini yana iya ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa, amma hawayen Tela ya fi ƙarfinsa. Ya naɗe filan ya fita. Aka haƙa fandisho, aka jera bulo, aka buga kwano. Bangon da ke kallon tsakar gida ya tashi sumul, ko taga babu.

Ranar da Inna ta tare, ta shafa fenti, ta leƙa lungu, ta juyo ta daɗe tana kallon bangon nan.

"Ya yi kyau, ɗana. Allah ya yi muku albarka, kai da 'yata."

Abin da ta ce ke nan. Da fari takan zagayo kullum, sai ya koma sau biyu a mako, sai ta daina. Magini kuwa in an zuba masa abinci sai ya rufe kwano ya zagaya lungu ya ci tare da uwarsa. Bai taɓa yi wa Tela faɗa ba, amma wasa da dariya sun ƙaura, har Madam ɗin ma ya daina kiran ta. Tela ta samu iskar da ta nema, ta rasa mijinta yana cikin gida. Abin yana cin ta, girman kai ya hana ta magana.

Tana da cikin wata takwas, ran nan da hantsi aka tsuge da ruwa. Ta fita da sauri kwashe yadin mutane daga igiya, santsi ya kwashe ta a gindin bangon. Ciwo ya turnuƙe ta, ga jini. Magini yana wurin aiki, waya tana ɗaki.

"Inna! Wayyo Inna, ki taimake ni!"

"Na ji ki, 'yata!" Muryar ta fito ta bayan bulo, kusa ƙwarai. "Kada ki motsa, ga ni nan!"

Tela ta ji tafin tsohuwar yana bubbuga bangon, sannan ta ji ƙarar ƙofar lungu. Ta kwanta cikin ruwa tana ƙirga gidajen da ta sa surukarta zagayawa. Shiru, shiru, ba Inna.

Maƙwabta ne suka shigo. Su suka gaya mata daga baya: a kwanar gida na uku Inna ta zame cikin taɓo, ƙugunta ya karye. Da suka zo ɗaga ta sai ta ture hannunsu tana ihu, "Ku bar ni! Ku je ga yarinyar!"

Allah ya kiyaye, aka yi wa Tela tiyata, aka ceto ta da jaririyarta. Inna kuwa likita ya ce sai dai keken guragu.

Tela ta durƙusa a bakin gadon asibiti, kuka ya ci ƙarfinta. "Ki yafe mini, Inna. Ni na soke ƙofar, da hannuna."

"Na sani tun ranar farko," in ji Inna. "Tashi, kada ɗinkinki ya warware. Ni ma bakina bai bar ki kin huta ba."

Magini na tsaye, ido jawur. "Ke kika zana, ni na ɗora bulon. Da na zaunar da ku biyun mun yi magana, da ba a kai nan ba."

Ranar da za a sallamo Inna, Tela ta goya 'yarta, ta ɗauki alli da tef ɗin awo, ta zana ƙofa a bangon. Magini ya zo da guduma, ya duba zanen, ya girgiza kai.

"Ƙara faɗi, Madam. Keke zai wuce."

Ta goge ta ƙara. Wata nawa rabon da ta ji sunan nan a bakinsa!

Haƙurin Inna ya dawo mata da ɗanta da 'yarta, ya dawo wa Tela da mijinta. Yanzu har zolaya suke, Inna na daga ƙofa tana cewa, "Tun daga nan na ji gishirin bai ji ba!" Tela ta yi dariya ta ƙara. Amma ku da kuke shirin gini, ku ji: fushi na kwana biyu ne, kada ku zuba masa siminti, ku yi magana tun yana kan takarda. Kullum da safe Tela na tura keken Inna daga ɗakin zuwa kicin, tana ƙirgawa a zuci. Taku goma sha biyu ne cif, kuma Inna ba ta taɓa taka ko ɗaya da ƙafarta ba.