Matar da Ta Kawo Niƙa Bayan An Tashi

Wallahi ba za ka yarda ba. Ko 'yan gidanmu sai da aka yi sati uku kafin su yarda.

Tun a aji biyu na yar da boko, amma a fagen tsokana ni ne malamin malamai. A injin niƙan kawuna nake aiki. Da an kashe inji, sai in tsaya gaban mutum ina motsa baki ba murya. Kawu da kansa sai da ya dinga sakace kunne yana salati, ni kuwa ina birgima kan buhuna don dariya.

Ran nan dab da magariba ya aike ni in kulle shagon. Warin man inji, ƙaurin robar da ke juya shi. Zan ja ƙofa ke nan na ga wata mata a lulluɓe gefen inji, da kwano a hannu.

"Inna, an tashi."

Bakinta ya motsa. Ba murya.

Na yi dariya. "Kawu ya turo ki ko? Ai ni na ƙirƙiro wasan nan."

Ta matso. Na dubi ƙasa. Gari ya rufe siminti, amma sawuna kaɗai ke ciki.

Inji ya tashi. Ba wanda ya taɓa shi.

Sanyin numfashinta a kunnena na hagu. Ta hura.

Ɗif.

Da takalmi ɗaya na isa gida.

Da safe na ce wa yayata, "Yaya, kunnena ya mutu."

"Allah ya jiƙansa. Miƙo min tsintsiya."

Na yi wa Kawu rantsuwa har da hawaye. Ya tsaya gabana yana motsa baki ba murya, yana ramawa. Sai ranar da babur ya kwashe ni ta hagu, mai shi yana ta oda ban ji ba, aka kai ni asibiti.

Likita ta ce, "Ƙarar inji ko ƙwayar cuta kan taɓa jijiyar ji, wani lokaci ma ba a gano dalili. A kwanakin farko ake ceto kunnen da maganin kumburi. Me ya zaunar da ku?"

Kawu ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Na shanye maganin tas, kunnen bai dawo ba. Yanzu ba ya jin kowa.

Sai ita. Duk magariba, a hankali:

"Ɗan nan, har yanzu ba ka niƙa min ba."