Ƙararrawar Tarago Mai Lamba Sha Bakwai

"Ka kashe min uba, sannan ka ce min tsautsayi?"

"Wallahi na kashe wutar! Sakar min wuya!"

"Wuyan zan cire, ɗan iska."

Haka Sufeto Gamil Sha'aban ya tarar da su, ƙarfe biyu da rabi na rana, a babbar rumfar gidan tarihin tsofaffin bas-bas da taragun lantarki na Iskandariya. Wani ƙato mai ƙarnin kifi ya danne wani siriri a kan layin dogo, yana gwara kansa da ƙarfe.

Saja Abdun ya matsa kusa. Kulki ya sauke wa ƙaton a gwiwar hannu. Sai a na biyu ya saki.

"Wane ne kai?" in ji Sufeto.

"Hishmat Zaglul, daga kasuwar kifi. Ga ubana can, Yallaɓai Basha. Je ka gani."

Sufeto ya je ya gani.

Tarago mai lamba sha bakwai, shuɗi, ya taho har ƙarshen layinsa ya matse wani tsoho da jikin wata koriyar bas da aka girke a gicciye. Tsohon yana tsaye, don babu wurin faɗuwa. Ƙirjinsa ya shige ciki. Jini ya bi kwat ɗinsa ya taru a takalmi. Fuskarsa tana kallon gilashin direba, ido a buɗe.

Likita ya ɗaga kai. "Ba zan iya komai ba sai an ja wannan abin baya."

"Kada kowa ya taɓa shi tukuna," in ji Sufeto.

Daga waje aka jiyo ƙarar dutse a kan ƙofar ƙarfe. Wani kurtu ya shigo da gudu.

"Basha, 'yan kasuwar kifi ne. Sun fi arba'in, da wuƙaƙe. Mai gyaran wuta suke so a miƙo musu. Mu shida ne, motar ƙarin mutane kuma ta maƙale a bakin teku."

Hishmat ya tofar da yawu. "Ka yi bincikenka, Basha. Shi dai ba zai ga magariba ba."

Sufeto ya ja siririn cikin wata tsohuwar bas, ya zaunar da shi a kujerar baya. Sunansa Nagi Bulus, shi ke kula da wutar gidan. Haƙoransa biyu sun tafi.

"Me tsohon ya zo yi?"

"Ziyara. Ƙungiyar 'yan fansho ce ta zo, su goma sha tara. Da safe muka kunna musu wuta su ga fitilu. Ƙarfe ɗaya suka fita tsakar gida cin abinci. Shi ya dawo shi kaɗai, ban san dalili ba."

"Ka kashe wutar?"

"Na kashe."

Sufeto ya nuna ta taga. Fitilar goshin taragon tana ci.

"Wannan da man gyaɗa take aiki?"

Nagi ya sunkuyar da kai. Saja ya ɗaga haɓarsa da kan kulki.

"Na manta," in ji shi. "Na fita sayen burodi da hanta a tsallaken titi. Minti ashirin. Amma Basha, ko da wuta, ba ya tafiya da kansa. Sai an juya hannun tuƙi. Na rantse da 'ya'yana."

"Ɗazu ma rantsuwa ka yi."

A tsakar gida, ƙarƙashin inuwa, akwai teburin shayi na Sitti Fauziyya. Tana tsaye da buta a hannu.

"Me kika gani, Hajiya?"

"Ni? Kofuna goma sha tara nake zubawa, ɗana, kowane tsoho da irin sukarin da likita ya hana shi. Ina na ga idon kallo?"

"Me kika ji?"

"Ba komai. Ƙararrawa dai, kamar kullum in za a motsa shi. Tan, tan. Na ce a raina, yau kuma da tsakar rana? Sai na ji kamar an fasa kankana."

"Sau nawa ta buga?"

"Biyu."

"Da kanta take bugawa in ya motsa?"

"Haba Basha, kai ba ɗan garin nan ba ne? Da ƙafa ake taka ta." Ta ajiye butar a hankali. "Ko dai kunnena ne. Na tsufa."

"Wa ke motsa shi kullum?"

Ta ce ba ta sani ba. Ƙarya take yi, kuma ta san ya gane.

Ya sami mutumin da take ɓoyewa a bayan rumfa, zaune kan tsohuwar taya, yana goge murfin fitila da tsumma. Usta Dardir. Kowa a gidan Usta yake ce masa, kamar yadda ake kiran tsofaffin direbobi. Ya haura saba'in, busasshe kamar kifin gishiri.

"Ina kake ƙarfe ɗaya da rabi, Usta?"

"Masallaci."

"An idar da azahar tun ɗaya saura."

"Ina daɗewa a addu'a. Zunubaina suna da yawa."

"Kai ke tuƙa sha bakwai?"

"Da can." Ya miƙo hannayensa, suna karkarwa. "Dubi, Basha. Kofin shayi ma sai na riƙe da hannu biyu. Goge-goge kawai nake yi."

"Ka san mamacin?"

"Masu ziyara da yawa suke."

Wani dutse ya tsallako katanga ya fasa gilashin wata bas. Usta ya juya da sauri ya kalli bas ɗin. Bai kalli inda gawar take ba ko sau ɗaya.

Sufeto ya koma rumfa, ya bi layin dogon da baya har inda taragon ke tsayawa kullum. Ya tsuguna. Ƙarfen yana sheƙi da mai. Haka ake shafe shi saboda iskar teku, in ba haka ba tsatsa ta cinye shi. Amma a kan man akwai farin yashi, sabo, a zube siriri a layi biyu, tun daga nan har ƙarƙashin ƙafafun taragon.

Ya murza yashin a yatsa. Sai gwanin direba ya san a zuba shi don ƙafafu su kama ƙarfe mai santsi. Ya kira Hishmat.

"Kai ka kawo mahaifinka?"

"Ni na kawo shi. Na bar shi da abokansa na koma kasuwa. Shekara talatin yana shugaban makanikai a garejin taragu. Yau ya fi kowa murna. Ga shi ma na ɗauke shi."

Ya miƙo waya. A hoton bidiyon, tsohon yana tsaye gaban sha bakwai, yana bubbuga goshin taragon da sanda, abokai sun kewaye shi.

"Wannan ɗan banzan na san shi!" yake cewa. "Shi ne wanda wani mashayin wiwi ya take yarinya 'yar makaranta da shi. Ya ce wai birki ne, wai ba a zuba masa yashi ba. Ni na tsaya gaban alƙali na ce komai lafiya lau na sallame shi. Shekara tara ya sha!" Suka yi dariya. Sai ya ɗaga sanda gefe. "Kai tsoho, matsa mana daga hoto."

A gefen hoton, wani mai tsumma a hannu ya matsa. Tsumman ya daina motsi tun kafin a yi masa magana.

Sufeto ya mayar da wayar. Hishmat bai ga komai a ciki ba sai ubansa.

Ƙofar waje ta yi wata irin ƙara. Kurtun ya sake shigowa, goshinsa a fashe, jini har cikin ido.

"Sakata ɗaya ta karye, Basha."

"Tara min kowa a nan. Yanzu."

Aka kawo Nagi, aka kawo Usta. Sitti Fauziyya ta tsaya a bakin rumfa.

"Likita yana son gawa," in ji Sufeto. "Nagi, hau ka ja shi baya."

"Ni ban iya…"

Saja ya tura shi sama da ƙeya. Nagi ya kama hannun tuƙin, ya juya. Injin ya yi gurnani. Ƙafafun baya, da ke kan mai, suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna tartsatsi. Taragon ya girgiza, ya ƙara dannawa gaba kaɗan. Wani ƙashi ya karye a jikin gawar, kowa ya ji. Hishmat ya yi ruri, kurata biyu suka riƙe shi.

"Sauko, jaki!" Usta ne ya daka tsawar. "Za ka ƙona masa inji!"

"To kai hau," in ji Sufeto.

Usta ya tsaya. Sannan ya hau. Ya zare hannun tuƙin na tagulla, ya bi ta cikin taragon zuwa ɗaya kan, ya dasa shi a can. Hannayensa sun daina karkarwa. Ya ja wata 'yar sanda, yashi ya tsiyayo kan ƙarfe. Ƙafarsa ta dama ta sauka.

Tan, tan.

Taragon ya ja baya sumul, ko kofi ba zai zubar ba. Gawar ta sulale ƙasa.

Sitti Fauziyya ta rufe bakinta da mayafi.

Usta ya sauko da hannun tuƙin a hammata. Sufeto bai ko kalle shi ba.

"Saja, sa wa Nagi ankwa. Rubuta. Ma'aikacin wuta, ya sha ƙwaya a bakin aiki, ya bar wuta a kunne, ya jawo mutuwar mutum. Kai shi ta ƙofar gaba."

"Ta gaba, Basha?" Saja ma sai da ya tambaya.

"Wace muke da ita?"

Nagi ya zube a gwiwa. "Ban taɓa shan ko taba ba! Basha, 'ya'yana uku! Usta, gaya musu, ka san ni!"

Ankwa ta rufe. Saja ya fara jan sa a ƙasa. Hishmat yana murmushi da haƙora.

"Ba ya shan komai," in ji Usta.

"Wa ya tambaye ka?"

"Ni ma ban sha komai ba a ranar." Muryarsa ba ta tashi ba. "Sake shi, Basha. Ka san abin da kake yi, ni ma na sani."

"Faɗa da bakinka."

"Sau uku na rubuta wa mamacin nan cewa birkin sha bakwai ya mutu. Ya ce in fita ko in ajiye aiki. Ranar an yi ruwa, akwatin yashi babu ko ƙwaya. Na taka ƙararrawa har tafin ƙafata ya fashe. Yarinyar ba ta ji ba. Na fito daga kurkuku na tarar matata ta rasu, ɗana ya canja sunan uba. Duk na haɗiye. Shekara ashirin ina goge taragon nan, ina cika masa yashi kowace Asabar, ko da ba inda za shi. Yau mutumin nan ya zo ya tsaya a gabana yana ba da labarina ana dariya. Bai ma gane ni ba."

"Sai ya dawo shi kaɗai."

"Ya dawo shan taba a ɓoye. Ya jingina da bas, ya ba ni baya. Na ga fitila tana ci."

"Mai son kisa a ɓoye ba ya buga ƙararrawa, Usta."

"Ƙafa ce. Ba ta shawara da ni." Ya gyara hannun tuƙin a hammata. "Amma da ya ji, ya waiwayo. A nan ya gane ni. Ban yi nadamar wannan ba."

Hishmat ya fizge daga hannun kuratan. Kansa ya sa wa Usta a fuska, hancin ya fashe, suka faɗi tare a kan dogo. Ya kai hannu ƙugu ya zaro wuƙar fiɗar kifi. Sufeto ya take wuyan hannun da takalmi har wuƙar ta faɗi, Saja ya gama sauran da kulki.

"Ka ji da kunnenka," Sufeto ya ce wa ƙaton da ke nishi a ƙasa. "Tashi ka gaya wa mutanenka ba mai wuta ba ne. Wanda ya taɓa shi, ni da kaina zan rufe kasuwarku."

Aka cire ankwa daga hannun Nagi, aka mayar hannun Usta. Ta yi masa yawa, sai da Saja ya matse ta har ƙarshe. Nagi ya zauna a ƙasa yana kuka, bai kalli kowa ba.

Motar ƙarin 'yan sanda ta iso ana kiran la'asar. Da garkuwa aka buɗe hanya. Duwatsu suna sauka a kan rufin motar kamar ƙanƙara, wani ya soka wuƙa a taya bai samu ba. Suka fice.

A bayan motar, Usta yana zaune tsakanin Sufeto da Saja, jini yana ɗiga daga haɓarsa kan rigar aiki. Sai da suka hau titin bakin teku ya yi magana.

"Basha."

"Ina ji."

"Shekara taran da na yi a kan ran yarinyar da ba ni na kashe ba, za a cire min su a cikin na wannan?"

Saja ya kalli Sufeto. Sufeto yana kallon teku.