Ranar da Ordinatar Sakina ta Ɗau Zafi

Sakina ta dawo daga sallar azahar ta tarar fuskar ordinatar, wato kwamfutarta, ta rikiɗe. Taswirar garaken bakin tafki da ta yi wata biyu tana zanawa ta ɓace, sai ratsin kore da ja ke rawa. Ta ɗora hannu a jikin na'urar, ta janye da sauri kamar ta taɓa murfin tukunya.

"Innalillahi..."

Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

A shekarar 1999 ne, kuma na'urar ce kaɗai ordinatar hannu a furojen, wato shirin noman rani na Madarunfa, inda Sakina ke aiki. Jibi masu garake za su taru kowa ya ga iyakarsa, wasu ma shekara uku ba sa gaisawa saboda rikicin iyaka.

Na'urar ta daɗe tana ba ta wahala. In ta ja taswira, sai ta tsaya tana zana layi ɗaya-ɗaya. Al'amin ta kai wa kuka, mai gyaran rediyo da talabijin a bakin kasuwa, wanda ya koyi aikin ordinatar a Katsina, kuma wanda zuciyarta ta zaɓa tun bara. Ya ce akwai ɗan kati a ciki mai zana hoto, an ɗaure gudunsa a sittin da shida, amma zai iya fin haka. Ya ba ta diskat, wato ɗan faifan ordinatar, mai ɗan furogiram na ƙara gudun, ya gargaɗe ta ta riƙa ƙara uku-uku, ta jira, ta taɓa ta ji zafi, ta kuma ɗora na'urar kan bulo biyu don iska. Da tsoro ta fara. A saba'in da biyar taswira ta soma tafiya sumul, ta tsaya nan.

To yau me ya faru?

Kabiru, magatakardan furojen, wanda shi ma ke riƙe da makullin ɗakin, ya shigo yana ihu, bai jira jin bayani ba. Ya daɗe yana neman ta, mahaifinta Malam Garba kuma shi ya fi so, don mai albashi ne, ɗan amininsa. Sau biyu manyan Al'amin suna neman zuwa gaisuwa ana ce musu a dakata. Kafin la'asar Kabiru ya sanar da Mushe Aliyu, wato Malam Aliyu a bakin 'yan boko, shugaban furojen, ya kuma je har garka ya ɗauko Malam Garba, wai ya zo ya ga abin da mai rediyo ya ja wa ɗiyarsa.

Al'amin ya iso da gumi, hannunsa duk dalma. Ya durƙusa ya gaida Malam Garba, tsohon ya kau da kai. Sai ya juya ga Mushe Aliyu.

"Mushe, ni na ba ta diskat ɗin. In ta ƙone, laifina ne. Kada a taɓa aikin Sakina."

Hawaye suka zubo wa Sakina.

"Yaya Al'amin, ni ce na..."

"Share hawayenki, Sakinata," ya ce a hankali. "Ba mu san ta mutu ba tukuna."

Kabiru ya yi tsaki, ya ce ina za ta yi rai bayan an kai ta ɗari cif.

Al'amin ya sa aka kashe ta, aka cire batir, aka ajiye ta gaban fanka har ta huce. Da lokacin kunnawa ya yi, ya ƙi zama kan kujera. Ya ce aikin Sakina ne, hannunta zai gyara. Ya nuna mata maɓallin da za ta riƙe don na'urar ta tashi ba tare da furogiram ɗin ba.

Ta riƙe maɓallin, ta kunna.

Shiru...

Sai fuskar ta haska fes, babu ratsi ko ɗaya. Ta buɗe taswira, ga garake sun jeru, ga shuɗin tafki.

"Alhamdulillah," ta ce, ta sake faɗa, ta sake.

Ta buɗe furogiram ɗin don ta mayar da gudun. Lambar na kan ɗari. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ɗago.

"Kabiru, ni a saba'in da biyar na bar ta. Lokacin da ka shigo kana ihu, ba a ganin komai sai ratsi. Yaya aka yi ka san ɗari ce?"

Ya fara kame-kame, wai ya ji ne, wai ya yi zato. Mushe Aliyu ya ce ya bi shi biro, wato ofishinsa, kuma daga ranar ba a sake ba shi makullin ɗakin ba.

Malam Garba ya saɓa sandarsa ya koma garka.

Bayan kwana biyu aka yi taron, ya yi kyau. Sakina ta riƙa jan taswira gaban dattawa, kowa na miƙa wuya yana neman rijiyarsa da mangwaronsa, har masu gaba biyu suka yi musabaha. Da aka watse, mahaifinta ya kira ta gindin bedi, wato itacen darbejiya.

"Yaron nan ya ɗauki laifi tun bai san na wane ne ba," ya ce. "Ni kuwa ko gaisuwarsa ban amsa ba. Na ji kunya, ɗiyata. Ki ce manyansa su zo Juma'a."

Ta durƙusa ta riƙe hannunsa, godiyar ta ƙi fita sai kuka.

Bayan an shigar da hatsi rumbu aka ɗaura aure. Ranar da aka kai ta, da ƙawaye suka fita, ta ce masa har yau ba ta yi masa godiya yadda ya kamata ba.

"Kina da sauran rayuwa, hasken idona," ya ce yana murmushi. "Ba sauri nake ba."

Ta rufe fuska da mayafi tana dariya, tana gode wa Allah a zuci.