Sunan da Muka Shanye

Shekara tara ban haihu ba. Surukata Sabriyya ta ce in kankaro garin dutse daga sunan wani sarki da aka sassaƙa da zane-zane kusa da hotonsa a tsohon bangon bayan gonar rakenmu, in jiƙa in sha, kamar yadda sauran mata ke yi.

Da almuru ina kankara, wani tsoho ya tsaya, gefen fuskarsa kawai nake gani.

"'Yata, karanta min sunan nan."

"Haba Baba, me ya rage? Zanen tsuntsu ɗaya ne, shi ma ga garinsa a gyalena."

Ya ce, "Sunana kuka shanye. Yanzu ko uwata ta kira, ba zan san da ni take ba."

Na sunkuyar da kai. Ƙafafunsa duka biyun na hagu ne, irin na sarkin jikin bangon.