Turaku Biyu a Eriya 3

Ƙarfe bakwai da rabi na safiyar Litinin, a watan Janairun 1992, Sufeto Datti Maiyadi ya iso Eriya 3 a Garki ya tarar da jini a kan kwalta. Babbar mota ɗauke da kabad-kabad na ofis daga Legas ta taka Albert Gyang, makahon da ke haɗa kiran tarho a wata ma'aikata. An kai shi asibiti, an kulle direban, Hafizu.

"Wallahi daga bayan wata mota ya fito mini," in ji Hafizu a caji ofis. "A kan dakali take."

Datti ya je ya duba dakalin masu tafiya a ƙafa, bai ga mota ba. Wata biyu da suka wuce hukuma ta hana ajiye mota a wurin, ta kafa turakun ƙarfe a jere. Ya ƙirga goma sha takwas. Biyu sun ɓace, daidai ƙarƙashin bishiyar mangwaro.

Ya fara da Alexander, ɗan gwangwan ɗin da ke sayen tsohon ƙarfe a Karmo.

"Oga, in ni ne, biyu kawai zan cire?"

Datti ya koma ya durƙusa a wurin. An cike ramukan da siminti, an shafe sumul. Ɓarawo ba ya tsayawa gyara rami. Ya sallami Alexander.

Monica, mai ƙosai a kusurwar titin, ta ƙi haɗa ido da shi.

"Ni ban ga komai ba, oga. Mutanen nan manya ne, gobe za su kore ni."

"An yanke wa mutum ƙafa yau," Datti ya ce. "Ki riƙe ƙosanki."

A asibiti, kofur ɗin da ke tare da shi ya ce ɓata lokaci ne, makaho ba shaida ba ne. Datti ya ce ya jira a waje.

Albert na kwance, ya yi magana cikin fushi.

"Shekara tara ina tsallaka titunan Legas, ba abin da ya same ni. Na yarda na zo nan don an ce akwai hanyar ƙafa. Sandata ta bugi ƙarfe, na shafa. Fijo ce, na san bayanta. Fitilar hagu a fashe take, an liƙe da salatif. Ta hannun dama kwata ce, sai na sauka titi."

Gida shida ke kallon mangwaron. A na huɗu, na Alhaji Badaruddeen, wani mataimakin darakta, ana ƙara tsawon katanga, ga buhun siminti a buɗe. Fijo fara na tsaye a tsakar gida, cikin rana.

"Motata a gareji take kwana, a gareji take yini," in ji Alhajin. "Ka san da wanda kake magana?"

"Na sani, ranka ya daɗe. A buɗe mini garejin."

Akwatunan Legas ne cike har rufi, ba a kwance ko ɗaya ba. Datti ya zagaya bayan motar. Fitilar hagu sabuwa ce fil, ta dama ta dafe. A gefen sabuwar akwai danƙon salatif da ba a goge ba. Furen mangwaro ya maƙale a gindin gilashin gaba, alhali ba bishiya ko ɗaya a gidan.

"Ina turakun?"

"Wane turaku?"

Datti ya same su ta bayan gidan, an ɗaure igiyar shanya a tsakaninsu.

Datti ya tsaya a gabansa. "Garejinka a cike yake, tsakar gidanka ba inuwa. Ka sa magininka ya tumɓuke turaku biyu, faɗin mota ɗaya, ya cike ramukan don kada taya ta faɗa. Da ka ji ihu yau da safe ka janye motar. Sai wani ya gaya maka makahon bai mutu ba, kuma ya shafa ta, ka aika aka sauya fitila. Ka bar direba a kulle."

"Ni na taka shi?" Alhajin ya ɗaga murya. "Ai na bar wuri ta gefen kwata. Mai ido zai wuce."

Kofur ya rubuta wannan kalma bayan kalma.

"Ana tuhumarka da ɓarnatar da kayan hukuma, da sakacin da ya jawo rauni," Datti ya ce. "Mu tafi."

"Kafin la'asar za a sake ni, kai kuma ka tsinci kanka a ƙauye."

"Mai yiwuwa. Amma kafin la'asar takardar tuhumar na gaban alƙali, Hafizu kuma yana waje."

A bakin ƙofa Alhajin ya waiwaya. "To a bari in sa a lulluɓe motar. Rana za ta lalata fentin."

Datti ya miƙa hannu ya karɓi makullin.

"Shaida ce, tare za mu tafi da ita. A filin caji ofis za ta zauna har a gama shari'a."