Dutsen Niƙan Inna Dudu

Ranar da Hasiya ta fitar da tsohon dutsen niƙa daga madafa, lafiya lau aka wuni. A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato ne, a wata tungar masunta kusa da Wara, inda ƙofofin gidaje ke kallon tafki. Magariba ta kawo jiki, kaji sun hau, ruwa ya kwanta luf. Ɗangana, mijinta, yana gyaran taru a gindin zana, 'yarsu Lubabatu tana hura wuta. Sai aka ji niƙa. A hankali, gurr, gurr, daga bayan rumbu inda aka jingine dutsen, alhali ɗan dutsen da ake murzawa da shi yana nan a gaban Hasiya.

Dutsen na Inna Dudu ne, marigayiya uwar Ɗangana. Lokacin da ruwan dam ya ci tsohon garinsu Hasiya tana amarya, ita ta taya tsohuwar kinkimarsa zuwa jirgi. An bar gado, an bar tukwane, aka ɗauki dutse. Kullum Inna ta gama niƙa sai ta bar ɗan gari a kwarminsa, ba ta taɓa cewa na wane ne ba, Hasiya kuwa ta gaji al'adar don kara.

Amma dutse ma yana tsufa. An koɗa shi, an sake koɗawa, har ya yi zurfi kamar akushi, tsaga ta bi gefensa, ya fara zubar da yashi cikin gari. A gidan ba a tauna tuwo sai da lallashi. Ɗangana in ya ci karo da tsakuwa sai ya tofar ya ce albarkar Inna ce, kai ka ce albarka tana fasa haƙori. Hasiya ta gaji, ta je kasuwar Wara ta sayo sabo.

Washegari da magariba aka fara jifa. Duwatsu ƙanana suna sauka bisa kwano, a fita a duba ba kowa. Daga nan abin ya koma kan Lubabatu. Suka tarar da ita durƙushe gaban tsohon dutsen, tana niƙa babu hatsi, babu ɗan dutse, gaɓoɓin yatsunta sun saluɓe suna jini. Ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Da rana sai ta yi ta kallon bango, rana na faɗuwa ta rarrafa bayan rumbu.

"Ki mai da shi, Hasiya," in ji Ɗangana. "Mi za ya rage miki?"

"Ba ni mai da shi. Wanda yat taɓa min ɗiya ba ni yi mishi shimhiɗa cikin madahwata."

Tsoro kam ta ji shi, in ta kalli wuyan yarinyar da ke ramewa sai ta shiga ɗaki ta yi kuka. Amma ta san hali: wanda ya samu abu da jifa, gobe da jifa zai nemi wani. Ɗangana ya tura jirgi ya ɗauko Malam Haliru, malamin da ake kai wa masu irin wannan lalura.

Bayan sallar magariba Malam ya zauna a kan buzu, aka riƙe Lubabatu a gabansa. Ya daɗe yana karatu, murya ƙasa ƙasa. Tsakar gidan ta yi tsit, ko kwaɗin bakin ruwa sun yi shiru. Can yarinyar ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Ka bar ƙona ni, Malam."

"Wa ke nan?"

"Mace ta ni. Cikin dutsinga nike tun ba a haihi Dudu ba. Da ni anka shiga jirgi." Idanun suka juya kan Hasiya. "Amarya ta san ni, ita ka bar min gari."

"Mi kike so, baiwar Allah?"

"A mai da dutsi madahwa, a yi niƙa bisa nai, in saki yarinya. In an ƙi, to na samu sabon gida, kuma ya hi tsoho ɗumi."

Malam ya ce ba a biya wa aljani buƙata a gidan Musulmi, ya koma karatu. Jikin Lubabatu ya sandare, bakinta ya yi kumfa, aljanar tana ihu amma ba ta da niyyar fita. Hasiya ta ga in aka ci gaba, 'yarta ce za ta fara karyewa. Ta miƙe.

"Malam, a gahwarce ni. Niƙa tac ce, ko? A bari in yi mata."

Ta jawo tsohon dutsen tsakiyar gida, ta zuba gero, ta durƙusa ta niƙa da dukan ƙarfinta. Ta yayyafa ruwa ta dunƙula garin, ta riƙe haɓar 'yarta ta tura mata a baki.

"Tamna."

Aka tauna. Ƙas! Kowa ya ji ƙarar. Bakin ya buɗe, ga jini, ga gefen haƙorin gaba ya ɓalle. Duk da haka Hasiya ba ta saki haɓar ba.

"Mi na wanga?" in ji muryar.

"Dutsinki na. Shi mu ka ci, safe da dare. Ke kina can kina shaƙar ƙamshi, ɗiyana suna tamnar yashi."

Da muryar ta dawo, ta yi sanyi.

"Ƙamshi ni ka ci, amarya. Ba ni da haƙora. Ban sani ba."

"To yau kin ara kin ji. Dutsi ya ƙare."

"Ina za ni?"

"Mu da anka tasa, wa munka jehwa? Kabarin uwata na ƙarƙashin ruwanga. Munka yi kuka, munka gina wani wuri. Ke ɗai ta ba a tayarwa?"

Aljanar ta yi ajiyar zuciya da ƙirjin yarinyar. Ta ce to a mai da ita inda aka ɗauko ta, gindin tsamiyar tsohon gida. Malam ya sa ta rantse ba za ta sake waiwayar gidan ba, ta rantse. Lubabatu ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale jikin uwarta, ta ce, "Inna, bakina."

Da safe Ɗangana ya tuƙa su har inda busassun rassan tsamiyar ke leƙowa saman ruwa. Yana kuka, yana cewa dutsen uwarsa ne. Hasiya ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta yi bisimilla ta tura dutsen da hannunta. Ruwa ya rufe.

A ranar ta niƙa dawa a sabon dutse, ta share shi tas, ko ƙwayar gari ba ta bari ba. Magariba ta yi, kwano bai yi motsi ba. Lubabatu ta kai loma tana taunawa a hankali yadda ta saba tun tana ƙarama, tana laluben tsakuwa da harshe. Ba ta samu ba. Ta ɗago ta yi murmushi, ɓallen haƙorin ya bayyana, Hasiya ta kawar da kai don kada a ga idonta.

"Tamna da ƙarhi, ɗiyata," ta ce. "Babu komi ciki."