Kwanon Kifin da Anti Ta Mayar

A garin Goronyo akwai wata yarinya 'yar aji uku a ƙaramar sakandare. Tana da ƙoƙari ƙwarai. Aibinta ɗaya ne. In ta koyi sabuwar kalma, ba ta samun sukuni sai ta liƙa wa wani ita.

Wata rana Malam Zaharaddeen ya rubuta a allo: ƙyamar Musulunci.

Ya ce, "Wasu na ce mata ƙin jinin Musulmi. Shi na a ƙi mutum, ko a hana mishi aiki, ko a cuce shi, don kawai shi Musulmi na. Wagga kalma tana da nauyi. Ku riƙe ta da kyau."

Yarinyar ta rubuta, har ta ja layi biyu a ƙasa. Amma maganar nauyin ta bi ta bayan kunnenta.

A makon nan aka kawo musu sabuwar malamar lissafi, 'yar bautar ƙasa daga Kudu. Ba Musulma ba ce, kuma Hausarta ba ta wuce "sannu" ba. Yara suna ce mata Anti. Kafin zuwanta, wata huɗu ajin ba mai koyar da lissafi, ga jarrabawa ta matso.

Ɗakin da aka ba Anti yana jikin gidan su yarinyar. Inna Habi, mahaifiyar yarinyar, ta tuƙa tuwo, ta yi miya da kifin da aka kamo a dam.

"Ungo, kai ma baƙuwarmu," in ji Inna.

Anti ta karɓa da murmushi. Da ta buɗe kwanon sai ta yi sauri ta rufe. Ta girgiza kai, ta miƙo shi yadda yake.

Ran yarinyar ya ɓaci. A garinsu wa yake mayar da abinci ko ɗanɗanawa bai yi ba? Ta ce a ranta, "To, na gane. Ga mai ƙyamar nan da Malam ya faɗa."

Washegari ta raɗa wa ƙawarta Kaltume. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin a tashi tara, makaranta duk ta ɗauka. Yara suka daina gaida Anti. Da aka tashi, wasu suka tsaya a bakin ƙofa suna tafi, suna cewa, "Anti mai ƙyama! Anti mai ƙyama!"

Bayan kwana uku Kaltume ta zo da gudu.

"Kin jiya? Anti ta rubuta takarda a canza mata gari. Wa za ya koya muna lissahi?"

Da yarinyar ta koma gida ta kasa cin abinci. Inna ta lura.

"Ke, mi kinka yi?"

Ta sunkuyar da kai, ta faɗi komai.

"Kin tambaye ta dalili?"

"A'a, Inna."

"Kinka ga kwano, kinka yanke hukunci? Tashi mu tai wurinta. Ke za ki hwassara, tunda ke ka jin Turanci."

Suka sami Anti tana haɗa kaya a jaka. Inna ta gaishe ta, ta tambayi abin da ya sa ta mayar da tuwon. Anti ta yi magana, yarinyar tana juyawa zuwa Hausa.

"Ta ce kihi bai karɓe ta ba. In ta ci, jikinta duk sai ya kumbura. Ta ce ba ta san yadda za ta hwaɗi da Hausa ba."

Anti ta ci gaba, idonta ya ciko da hawaye. Yarinyar ta daina fassarawa.

"Hwassara mana," in ji Inna.

Yarinyar ta ce, "Ta ce kahin ta taho, mutanen garinsu sun tsorata ta. Sun ce Musulmi ba su son baƙo. Ta ce kwanon Inna shi ya hwara cire mata tsoro. Da yara sunka yi mata waƙa, sai ta ce ashe gaskiya anka gaya mata."

Nan yarinyar ta fashe da kuka. Ta ji kunya ƙwarai. Ta roƙi Anti gafara, da Turanci da Hausa duka.

Da safe, a wurin taron ɗalibai, ta nemi izini ta fito gaba. Ta ɗaga murya.

"Ni na hwara wagga magana, kuma ƙarya ta. Anti ba ta ƙyamar kowa. Mu munka cuce ta."

Sai Malam Zaharaddeen ya ce, "Ƙyamar Musulunci gaskiya ta, akwai ta a duniya. Amma rashin sani daban, ƙiyayya daban. Wanda bai san mu ba, halinmu shi ka gaya mishi ko mu su wane ne."

Ɗalibai suka bi layi suna ba Anti haƙuri. A ranar Anti ta je ofis ta janye takardarta ta neman canjin gari. Ta zauna, ta koya musu lissafi safe da yamma, kuma ajin ya ci jarrabawa da kyau.

Wata ranar Asabar Anti tana zaune a tsakar gidan su yarinyar, tana taya Inna yanka albasa. Mahaifiyar Anti ta kira ta a waya. Suka daɗe suna magana da Turanci, Anti tana ta dariya.

Inna ta taɓa 'yarta. "Mi take cewa?"

Yarinyar ta gyara zama, ta ɗaga kai. Daɗi ya cika ta.

"Ta ce ma uwatta ta gaya ma mutanen garinsu ba gaskiya anka hwaɗa musu ba. Ta ce a Goronyo ta samu uwa ta biyu, kuma Musulma ta."

Inna ta yi murmushi, ta share ido da bakin zane, ta ce albasa ce.

Tun daga ranar yarinyar ba ta ƙara liƙa wa kowa mummunan suna ba. Ta gane cewa tambaya ta fi zato. Ta kuma gane cewa kyakkyawan hali shi ne babbar amsa ga mai tsoron Musulmi ko mai ƙin su.